Takardar Tuhuma a Kan Ilmin Gado

Har yau ban manta da safiyar Talatar da masinja ya miƙo mini takardar tuhuma ba. Lokacin ina ƙaramar lauya a mataki na tara, a wani ofishin gwamnati da ke Nassarawa GRA, shekara guda bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano.

An ba ni hutun karatu na shekara biyu don digiri na biyu a dokar kamfanoni. Ku da ba ku taɓa nema ba, ku sani takardar hutun tana ɗauke da sunan fannin, kuma shi kaɗai aka yarda ka karanta. Ni kuwa dokar kamfanoni barci take sa ni. A unguwarmu Gama, kullum mata na sallama wa mahaifiyata suna cewa, “Ina lauyar nan taki? Maigida ya rasu, an ce gidan ba namu ba ne.” Sai in yi ta inda-inda, kunya ta ishe ni. Bayan zango biyu na koma fannin gado. Jami'a ta amince, ni kuma don wauta na ɗauka magana ta ƙare.

Rahoton jami'a na isa ofis asirina ya tonu. Takardar ta ce in yi bayani cikin kwana biyu, in ba haka ba a soke hutun in dawo aiki hannu rabbana.

Daraktanmu, Alhaji Sabo, mutum ne da ba a ganin haƙoransa. Na shiga ofishinsa na durƙusa na gaishe shi.

“Malama Binta, mu muka aike ki kasuwa, kika sayo abin da ranki ke so?”

“Ranka ya daɗe, na yi kuskure.”

Ya jawo wani fayil da ya yi wata huɗu a teburinsa, ƙorafin wata bazawara daga Kawaji. Mijinta ya bar ta da 'ya'ya mata uku, ga mahaifiyarsa, ga ƙaninsa da ya riƙe gida wai shi ne namiji.

“Nawa ne rabon ƙanin?”

Na lissafa a bayan wata ambulan. “Kashi ɗaya cikin ashirin da huɗu, ranka ya daɗe.”

Sai ya ɗauki jan biro ya rubuta a fayil ɗina cewa ofis na buƙatar wannan fanni, a gyara takardar hutu. Sannan ya ba ni fayil ɗin bazawarar ya ce in bi mata haƙƙinta. Amma tuhumar sai da na amsa ta a rubuce, kuma gargaɗin da aka ba ni ya zauna cikin fayil ɗina har na yi ritaya. Ban taɓa jin haushinsa ba, ni ce mai laifi.

Abin da na koya shi ne, a aikin gwamnati kana iya sauya hanya, amma ka sanar da wanda ya aike ka tun kafin ka juya. Matar nan ta Kawaji kuwa tana cikin gidanta har yau, duk sallah sai ta aiko mini da cincin.