Na Goge Muryar Kakata a Hanyar Kamaru

Shekaruna ashirin da biyu lokacin da abin nan ya faru. Na gama sakandare a Tudun Wada, na yi aure, bai daɗe ba auren ya mutu, na dawo gidanmu a wani ƙauye cikin ƙasar Doguwa. Ba ni da haƙuri, kuma abin da ke raina shi nake faɗa ko a gaban wa. Mu Fulani ne da suka zauna suka kama noma, ni Fulatancin ma gaisuwa kawai na iya.

Ɗan farin kakata, wato yayan babana da muke kira Baffa, ya kora shanu ya shiga Kamaru tun ina firamare, bai sake waiwayo gida ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko ruwa za ta ba shi sai ta aiki wani. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita sai ta ce a kawo rikoda, don a wancan zamanin da kaset ake aika saƙo nesa. Ni na danna mata. Ta daɗe tana tari, tana gyara zama, ba ta ce komai ba, har na fara ƙosawa. Sannan ta kira sunansa, sau ɗaya. Matan da ke ɗakin duk suka sunkuyar da kai, goggona ta tashi ta fita. Daga nan ta ci gaba da lissafa masa waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, ta ƙare da cewa ya zo ta gan shi.

Kaset ɗin ya yi wata biyar a cikin kwalla. Mazan gida suna cewa sai bayan shuka, sai bayan noma, sai an ga mai tafiya. Na ce musu a gaban kowa in jira suke tsohuwar ta mutu su faɗa, ni zan kai. Babana ya yarda in bi wata mai fataucin zannuwa zuwa Yola, in ba direbobin Garwa saƙon in juyo. Da muka isa na dubi direbobin, na ga ba wanda zan danƙa wa muryar kakata. Na goya jakata ta makaranta, kaya kala uku da rikoda da batir, na tsallaka iyakar Kamaru ni kaɗai.

A Garwa aka ce Baffa ya yi kudu shekara uku da suka wuce. A Gaundare aka ce in gwada Maiganga. Ban san gajiya ba sai a wannan hanya: mota ta lalace a daji a wuni a zaune, jandarma su sauke mu suna Faransanci ina kallon bakinsu, ƙafafuna su kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Amma gajiyar jiki ba ta kai ta rashin abokin magana ba. Akwai masu jin Hausa a tashoshi, sai dai duk wanda na tambaya hanya, kafin ya amsa sai ya tambaye ni ina mijina, wa ya bar ni na fito. Na gasa wa biyu ko uku magana, daga baya na daina tanka wa kowa. Sai in kwana biyu ban ce komai ba ban da sunan garin da zan je.

A nan na fara da rikodar. Da farko saurare kawai nake, in kara a kunne in ji kakata tana tari, in ji zakaranmu yana cara a bayanta. Sai na tuna ɗaya gefen kaset ɗin babu komai. Na juya, na danna jan maɓalli, na yi ta zuba kamar da ƙawata nake hira. Na faɗi abin da na ci, na zagi direba, na zagi tuwon rogo. In na gama sai in mayar baya in saurari kaina, in ji kamar mu biyu ne. Kafin in kai Maiganga gefen ya cika.

A Maiganga ruwa ya tsare ni kwana huɗu. Limamin unguwa ya sauke ni a gidan wata dattijuwa da ba ta jin Hausa ko kaɗan. Matar nan ta yi iya yinta. Takan zo ƙofar ɗaki da faifan shinkafa, ta buga tabarma da tafin hannu, alamar in zo in zauna mu tsince tare. Ni kuwa haushi nake ji, me zan ce mata, me za ta ce mini. Sai in girgiza kai in saki labule. Rana ta uku da hantsi, ruwa na dukan kwano, na ji in ban yi magana ba zan haukace. Kantin da ke sayar da kaset yana can bakin kasuwa, na kasa haƙurin ruwa ya ɗauke. Na tuna shirun da kakata ta yi a farko kafin ta buɗe baki. Na ce wannan ɗan wurin ba shi da amfani, zan ara, in faɗi kalma biyu in tsaya. Ba kuskuren hannu ba ne, da sanina na danna. Sai dai da bakina ya buɗe ban iya rufe shi ba. Na yi kuka, na kira babata, na ce wane irin mutum ne zai bar uwarsa ya sa ni wannan wahala saboda shanu. Da na farga na tsayar, na mayar baya na kunna. Muryata ce har tsakiya, sannan kakata ta shigo a rabin magana tana lissafin matattu. Sunan ya tafi.

Bayan kwana shida na sami Baffa, a wata ruga kusa da kasuwar shanu. Dogo ne, ya yi furfura, fuskarsa ta babana sak. Ya tara iyalinsa, ya sa sabon batir da hannunsa. Ban sami ƙarfin hana shi ba. Suka zauna suka saurare ni ina kuka ina zaginsa, ba wanda ya motsa. Da muryar uwarsa ta fito ya ɗora hannu a kan rikodar har ta ƙare. Da mutane suka watse na gaya masa abin da ke farkon kaset ɗin da abin da na yi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni ko na tabbata sunansa na yanka ta kira, na ce shi. Sannan ya ce in faɗa masa yadda ta faɗa, da ƙarfi ne ko a hankali. Na buɗe baki na kasa. Sai ya ce in je in ci abinci, na sha hanya.

Tare muka dawo da ruwa ya ɗauke. A raina na ce ai shi ke nan, tunda ga shi ga ta, za ta sake kira. Da ya yi sallama a ƙofar ɗakinta sai ta juya fuska bango, ta tambayi goggona ko an ba baƙo ruwa. Ya yi wata guda, kullum yana zaune a bakin ƙofarta, ba ta kira ba. Ita a saninta ta riga ta faɗa, shi kuma ya ji. Bai gaya mata ba, ni ma ban gaya mata ba. Ta rasu da bazara ta zagayo.

Mutane a garinmu har yanzu suna yaba mini, wai mace ɗaya ta je ta dawo da abin da maza suka kasa. Ina jin su in yi shiru, na gaji da wannan yabon. Abin da na gane shi ne kaɗaici a hanya yana sa mutum ya ga buƙatarsa ta fi komai girma, har ya sa hannu a abin da aka ba shi amana. Duk mai shirin tafiya ƙasar da bai san kowa ba, mace ko namiji, ya sani ranar za ta zo da zai ji kamar zai fashe don rashin wanda zai yi wa magana. In ta zo, ya fita ya zauna da wanda ke kusa, ko da ba ya jin yarensa. Ni an buga mini tabarma kwana uku, na saki labule.