Dangwalin Maruƙa a Bayan Mota

A fari na biyu, wanda ya biyo na farko da kamar shekara goma, na mallaki motata ta farko. Tsohuwar kamyonet ce mai rufaffen baya, wadda wani ɗan kasuwa ya gaji da turawa. Ni kuwa na ɗauki son duniya na ɗora mata. Kowa na kukan hatsi, ni ina zagaya mota da tsumma, har matata ta tambaye ni ko tuwon ƙarfe za mu ci bana.

Abin da na hango shi ne babura. Duk wanda ya sayi babur lokacin da gona ke da albarka, a shekarar ya fito da shi kasuwa don ya auno gero. Akwai wani dillali na Maradi da ke bin kasuwannin ƙauye yana saye, amma ba shi da mai kai masa su gari. Ya ce zai gwada ni da guda biyar daga Gangara. In sun isa lafiya, aikin rani duka nawa ne. In ko ɗaya ya lotse, in nemi wata sana'a. Abin da ya rage a rumbuna bai kai na wata ɗaya ba, don haka ban tsaya ja-in-ja ba.

Kwana huɗu na yi ina shirya bayan motar a ƙofar gidana a Agiye. Na shimfiɗa katako a ƙasa. Maƙeri ya ƙera mini zobba na ƙarfe, muka kafa su gaba da baya. Na yanka tsofaffin tayoyi don sawa tsakanin babur da babur, na samo doguwar katako ta hawa da sauka. Akwatin kayan gyara, famfon iska, jarkar ruwa da ta isansi, wato man fetur, duk na ɗaure su bayan kujerata. Wallahi na ji daɗin kwanakin nan, aiki ne da hannu ke yi zuciya ta huta. Abu ɗaya ya gagare ni, ɗauri. Na ari babur ɗin malamin lakol, wato makarantar boko, na gwada, duk yadda na naɗe shi da igiya, da na girgiza motar sai ya karkace.

Duk wannan a kan idon wani dattijo Bafillace da ke zaune bayan gari, wanda muke kira Baffa. Shanunsa sun ƙare a farin, ko ɗan maraƙi bai rage masa ba. Kullum yakan zo ya zauna a inuwar itacen bedi yana kallona. Rana ta huɗu ya zo da wata doguwar igiya a kafaɗa, ta yi baƙi ta yi santsi don tsufa, da ƙananan zarge a jere a jikinta. Dangwali ne, igiyar da Fulani ke ɗaure maruƙa a jere kafin a yi tatsa.

"Direba," ya ce, "kai ka san tuƙi, amma ba ka san ɗauri ba. Kauce in gwada maka."

Ya ɗaura bakinta a zoben gaba, ya ja ta ya ɗaure a na baya, ta miƙe sambal. Kowane zarge zai riƙe wuyan babur ɗaya. Nan take na ce ya biyo ni, abin da aka samu gida biyu su ci.

Ranar kasuwar Gangara muka fara samun saɓani. Baffa ya ƙi a sa babur ko ɗaya sai an gaya masa shekarunsa, wai ba a ɗaure ƙarami a wurin babba. Dillali na dariya, ni ina cika ina batsewa, rana na yi. Haka aka jera su, tsoho a gaba, sabo a bakin ƙofa. Ya ɗaure da kansa, ni kuma don haushi ban ko leƙa ba, na rufe ƙofa.

Hanyar Gazawa a lokacin kunya-kunya ce kamar gonar dankali. Ba mu yi nisa ba na ji rugum a baya. Na taka birki, na fita a guje, na buɗe. Duka biyar ɗin sun kwanta a kan juna.

Ina da saurin fushi, kowa ya sani, ranar kuwa na zazzage masa kwandon faɗa. Na ce ya kashe ni, ya kashe iyalina. Na kama zarge ɗaya, hannuna duka ya shige tsakaninsa da ƙarfen.

"Baffa, wa ya ce ka bar wannan sako-sako?"

"Haka aka ɗauri," ya ce, hankalinsa kwance. "Yatsa huɗu. In ka matse, da mi za shi numfashi? In ya gaji, ƙaƙa za shi kwanta?"

Na buɗe baki zan ci gaba, sai na ga ba wasa yake ba. Kunya ta kama ni. Na sassauta murya na ce, "Baffa, waɗannan ba su gajiya. Ba su da rai."

Ya daɗe yana kallon igiyar.

"Na sani," ya ce. "Hannuna ne bai sani ba."

Muka tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimake mu, tayoyin da na yanka sun tare. Madubi ɗaya ne ya juya, na mai da shi da hannu. Na ce ya kawo in ɗaure, ya ƙi. Ya sa ƙafa ya dogare jikin motar, ya ja zargen farko har igiyar ta yi ƙara, ya wuce na biyu. Na juya baya na yi kamar ina duba taya, don ban so ya ga ina kallonsa ba.

Daga nan har Maradi ko motsi ba su yi ba. Dillali, wanda ya riga mu isa a motar haya, ya zagaya su sau biyu, ya shafa tanki, ya girgiza igiyar, ya ce, "Kasuwar Gazawa sai ku taho da wuri." A ranar muka koma da buhun gero a inda baburan suka tsaya, muka raba shi biyu a ƙofar gidana. Matata ta daina zancen tuwon ƙarfe.

Rani guda muka yi a haka, har muka riƙa ɗauko kaya daga ƙauyukan Gidan Rumji. Na saba da jiransa ya gama tambayar shekarun babura, na ma fara taya shi. Amma duk lodin da muka yi, kafin ya ja zarge sai ya zura yatsunsa huɗu a ciki, ya ɗan dakata, sannan ya zare su ya matse. Ban taɓa ce masa ya yi sauri ba.