Turaren Gwaggo a Titin Huanshi

Gwaggo, yayar babanmu, ita ke biya mini kuɗin difloma a Guangzhou, kuma tun farko ta gaya mini bashi ne, ba sadaka ba. Abin da na zaɓa kuwa, wato ilimin kare gine-gine daga gobara, bai taɓa kwanta mata ba. A wurinta na tsallako duniya ne kawai don in koma Kano ɗan kwana-kwana.

Saura shekara ɗaya in gama ta zo sarin kaya. Muna cikin kasuwar Baima ina yi mata tafinta, ta tambaye ni nawa ake biyan mai irin takardata a gida. Na faɗa mata abin da na ji, har na ɗora ɗan ƙari a kai. Ta yi dariya sai da ta ƙware.

"Ɗan nan, yaran da ke raka mu kasuwa ai sun fi haka samu, ko takarda ba su da ita. Ni za ka biya, ko magadana?"

Na ce aikinmu hana gobarar ne tun kafin ta tashi.

"To idan ka iya aikin naka, babu abin da zai faru kenan. Wa ka taɓa gani ya biya kuɗin abin da bai faru ba?"

Raina ya ɓaci. Ta ce kafin ta hau jirgi za ta yanke shawara, ko ta biya shekarar ƙarshen, ko in ajiye littafi in kama yi mata saro.

Gwaggo ba ta saka tufar da ba ta sha turaren wuta ba. Da kaskonta take tafiya ko'ina. Masaukinta a titin Huanshi kuwa, akwai na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi manne a silin, kuma mai masaukin ya riga ya nuna mata ita da yatsa ya girgiza kai. Da la'asar ta kira ni. Na tarar da ita da ƙawayenta 'yan saro, kowa da kwalbar turarenta a cinya.

"Yau karatunka zai yi rana," in ji ta. "Hau kujera ka rufe bakin abin can."

Na iya. Ko minti ba zai ɗauke ni ba. Wata Hajiya daga cikinsu ta ce in na gama in zo ɗakinta, za ta sallame ni. Wata ta ce ai duk mai zuwa saro tana buƙata, ita za ta yaɗa lambata. Ina tsaye na ga sana'a ta buɗe mini, wadda za ta biya Gwaggo tun ban karɓi takarda ba. Wallahi na yi kwaɗayi. Sai dai ɗakin cike yake da dilolin wanduna har bakin ƙofa, labule na jan ƙasa, ga garwashi.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan taɓa ta ba."

Gaban ƙawayenta fa.

"Da kuɗina ka koyi ce mini a'a?"

Sai na sunkuya na ɗauki kaskon na ce su biyo ni waje. Haka muka sauko, ni a gaba, Hajiyoyi a baya rungume da mayafai. A wani lungu bayan ginin na kifa kujerar roba a kan kaskon, na tsuguna ina fifita garwashi da kwali, suna shimfiɗa kaya ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa 'yar China ta tsaya ta dube mu da tausayi, ta dafa kafaɗar Gwaggo ta yi magana a hankali.

"Me ta ce?"

"Ta'aziyya take miki. A nan idan aka ga ana ƙona turare a bakin hanya, to mamaci ake tunawa."

"A'uzubillahi! Ce mata kowa nawa lafiya lau. Kuɗina ne kawai suka mutu."

Daga nan ba ta sake yi mini wata doguwar magana ba har ranar tafiyarta. Ni kuwa na fara sabawa da tunanin zama ɗan saro. A filin jirgi, ina tura mata kaya, ta ce ba tare da ta kalle ni ba:

"Zan biya. Ba don na hango riba ba, babu ita. Amma layinmu a kasuwa kowa ya san wayoyin wutar nan sun ruɓe, kuma duk wanda aka turo dubawa, da kuɗin shayi muke sallamarsa. Idan ka dawo, da shagona za ka fara. Kuma ka sani tun yanzu, zan miƙo maka kuɗin shayin."