Ƙugiyar Malam Isiyaku da Gonar Baƙin Rafi

Shekara shida ke nan cif, a wannan mako na ƙarshen damina, da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa a Ƙanƙara. Na rubuta sunan garin da ƙugiyoyinsa biyu, na sake dubawa kafin in wuce, domin da yana raye ya ga na bar ko ɗaya, sai ya tako har gida ya tambaye ni ko yunwa ce ta sa na cinye ta. Abokina ne tun muna 'yan firamare, kuma ban san wanda ya rufa mani asiri a duniya kamarsa ba. Bana dai na ga ya kamata in faɗi yadda aka yi.

A lokacin ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma da ta haɗa mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kowa ya san halin da ƙauyukanmu suka shiga. Mutane na tashi su bar gonaki shekara biyu ko uku, in sun dawo ciyawa ta cinye iyaka, dattijon da ya san iyakar kuma wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa muka ɗauki aikin bin dattawa muna naɗar muryarsu, kowa ya faɗi gonar wane ta fara daga ina ta tsaya ina. Malam Isiyaku, wanda malamin lissafi ne da ya koya wa kansa gyaran kwamfuta, shi ya haɗa mana inda za mu riƙa ajiyewa. Ya samo wata tsohuwar kwamfuta ya ajiye a lungun ofis, ya ja mata waya zuwa sauran, ya sa mata suna rumbu. Kowa ya kawo nasa ya zuba a ciki, kowa ya buɗe ya ɗiba.

Matsalar ita ce kwamfutocin ba jinsi ɗaya ba ne. Ta rumbun na tafiya da wani tsari na kyauta da ya ɗora mata, tawa ta ofis irin wadda kowa ya sani ce, wakilin Sabuwa kuma yana zuwa da wata 'yar siririya da aka ba shi kyauta, mai nata tsarin daban. In dai Turanci ne, lafiya lau suke jin juna. Amma da zarar an zo kan ƙ da ɗ da ɓ, sai rigima ta tashi. Abin da wakilin Sabuwa ya rubuta daidai, in na buɗe a tawa sai in ga alamar tambaya ko wani ɗan akwati a wurin harafin. Wani lokacin fayil ya ƙi buɗewa ƙememe. Malam Isiyaku ya yi ta gargaɗinmu cewa kada kowa ya taɓa irin waɗannan sunaye sai ya samu lokaci ya daidaita su. Ni kuwa, Allah ya yafe mani, mutum ne mai son tsabta da gaggawa, kuma a ganina ƙugiya ado ce kawai ta malaman Hausa.

Wata ranar Laraba da hantsi na zauna ina share-share a rumbu, sai na ci karo da wani fayil mai suna Gonar Ba, alamar tambaya, in Rafi. Na ce kai, wannan ƙazanta ta isa. Dama akwai wani da na naɗa da kaina a Mabai, Gonar Bakin Rafi, yana kan tawa kwamfutar. Na ɗauka abu ɗaya ne aka ajiye sau biyu. Na gyara wa na rumbun suna da k maras ƙugiya, na jawo nawa na ɗora a kai. Kwamfuta ta tambaye ni ko in maye gurbin wancan, na ce mata e ba tare da ko ƙifta ido ba. Har daɗi na ji.

Ashe gonaki biyu ne, tsakaninsu tafiya mai nisa. Ta Mabai tana bakin rafi, wato a gefen ruwa. Ɗayar kuwa a wajen Ruwan Godiya take, kusa da wani kwari da mutanen wurin ke kira Baƙin Rafi saboda duhun ƙasarsa. Gonar wata bazawara ce, Inna Lantana, wadda mijinta ya rasu suna gudun hijira ya bar ta da marayu. Da ta koma, maƙwabcin gonar ya riga ya shigo mata da garma har kusan rabi. Shaida ɗaya take da ita, muryar wani dattijo, Baba Mai Unguwa, da wakilin Sabuwa ya naɗa, shi kuma Baba ya rasu wata biyu bayan naɗar. An sa ranar Asabar za a zauna gaban dagaci a saurari muryar. Washegarin share-sharen nawa, wato Alhamis, aka aiko a tura ta, na buɗe, sai na ji muryata ina gaishe da wani tsoho a Mabai.

Na hau babur na sami Malam Isiyaku a makaranta. Ina tsammanin zai yi faɗa, don yana da baki, ba ya raga wa kowa in an taɓa aikinsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Lawal, tun jiya an zuba wani abu a rumbun?" Na ce a'a. Ya ce, "To mu je ka kashe kwamfutar, ka rufe ofis, ka sa makullin a aljihu." A hanya ya yi mani bayani cewa abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yana nan kwance kamar hatsin da ya zube a ƙasan rumbu, sai an zuba sabo a kansa yake ɓacewa. Ya cire ma'ajiyar kwamfutar, ya kwafe ta gaba ɗaya zuwa wata, ya ce ba a aiki kan ta asali. Yinin Alhamis da safiyar Juma'a ya yi yana tsintar gutsattsarin murya, ya saurari wannan ya ajiye, ya ɗauko wancan. Ni ina gefe ba abin da nake tsinanawa sai kawo ruwa da zufa.

Bayan an sauko daga masallaci muka koma, can wajen la'asar ya ɗaga mani hannu. Farkon maganar ya tafi, gaisuwa da gabatarwa duk sun lalace. Amma daga tsakiya muryar Baba Mai Unguwa ta fito tar, yana tari yana cewa iyakar ta tashi daga kanya mai rassa biyu, ta bi ta kan farin dutse, ta faɗa kwari. Ranar Asabar aka kunna wa dagaci, aka taka har gindin kanyar, maƙwabcin ya janye garmarsa.

Satin da ya biyo baya Malam Isiyaku ya zauna ya yi gyaran da ya daɗe yana ɗagawa. Ya saita kwamfutocin uku su riƙa karanta haruffa da ƙa'ida ɗaya, har ƙ ta riƙa fita ƙ a ko'ina. Ya sa in wani ya buɗe fayil, rumbu ya kulle shi har ya gama, don kada mutum biyu su yi rubutu a kai lokaci guda. Ya sa wa kowace gona lamba a gaban sunanta, ya kawo batir saboda ɗaukewar wuta, ya kuma kafa dokar kwafe komai duk Alhamis. A taron ƙungiya da aka tambayi abin da ya faru, cewa ya yi kwamfutocin ne ba sa jin Hausar juna. Bai ambaci sunana ba. Da Inna Lantana ta zo godiya da ƙwaryar gero, sai ya nuna ni ya ce ai sakatare ne ya tsaya tsayin daka. Na buɗe baki, ya taka mani ƙafa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu muryoyin nan suna cikin wayar kowane wakili, ba a jan waya daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma na san zai ji daɗin wannan. Amma zai yi tsaki in ya ga saƙonnin da muke tura wa juna, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, alhali dannawa ɗaya ce a waya ta fito da ƙugiyar. Lambobin da ya sa wa gonaki har yau da su ake aiki, waɗanda suka gaje mu a ofis ba su ma san wa ya ƙirƙiro su ba. Ciwon kwana huɗu ya yi ya tafi, ban samu na gode masa yadda ya kamata ba, kuma wannan na damuna.

Abin da ya fi damuna shi ne geron. Duk kaka Inna Lantana sai ta aiko mani da shi, tare da saƙon cewa tana sa ni a addu'a. Ina karɓa in kai gidan Malam Isiyaku in ba iyalinsa, amma addu'ar fa? Ita ba a ɗaukar ta a buhu. Makon jiya na kasa daurewa, na shiga mota zuwa Faskari, na hau babur har Ruwan Godiya. Na same ta tana sussukar ragowar geron bara a tsakar gida. Na durƙusa na faɗa mata komai, cewa ni na goge muryar da hannuna, wanda ya tsamo ta kuma yana kabari, shi ya cancanci duk abin da take roƙa mani.

Ta ajiye taɓarya, ta dube ni, sannan ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Malam Lawal, kai ma dai da wahalar da kai kake. Ai ni ban taɓa kiran suna ba. Cewa nake, ya Allah, wanda ya tsare mani gonar marayun nan, ka tsare shi duniya da lahira. Shi kuwa Allah ba ya rikita suna."

Na yi mata sallama na fito. A hanyar dawowa na sa mai babur ya tsaya a gindin kanyar mai rassa biyu. Geron marayun ya kai har farin dutsen, zangarniya ta sunkuya, saura kwanaki a yanka. A nan na ɗaga hannu na yi wa abokina tawa addu'ar, ni kam da sunansa. Allah ya jiƙan Isiyaku, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mani.