Da Kawu Ya Daina Tayi

A shekarar da soja suka karɓe mulki har sau biyu, ina Zariya ina karatun gaba da digiri a kan harkar saye da sayarwa. A gidanmu na Funtuwa ba wanda ya gane abin da nake karantawa. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, cewa yake: "Yanzu kai sai Bature ya koya maka ciniki? To mu wa ya koya mana?" Musu da Kawu kuwa ɓata yawu ne.

Malamin namu wani Bature ne dogo, mai yawan gumi. Ba ya tsayawa karanta mana littafi. Sai ya raba mana labarin wani kanti ko kamfani da ya shiga matsala, ya ce mu gano abin da ke damunsa, mu kawo mafita. Wannan shi muke kira kes. Ya kafa mana dokoki: ka karanta sau biyu kafin ka taɓa alƙalami, ka raba alamar ciwo da shi ciwon kansa, ka jero hanyoyin da za a iya bi, sannan ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, ban da "wataƙila". Abin da ya fi nanatawa shi ne, tambayar da mai kanti ya yi maka ba lallai ita ce matsalarsa ba. Ni kam haushi kes ɗin nasa suke ba ni. Kamfanin man goge baki a garin da ban taɓa jin sunansa ba, ina ruwana?

Da dogon hutu ya zo, ya ce kowa ya je garinsu ya samo kes na gaske, ya rubuta shi, ya amsa shi. Na ce yauwa, yanzu ka yi magana.

Kusa da tashar jirgi akwai kantin wani mutumin kudu, Kirista, da muke ce wa Baba. Ya zo Funtuwa tun ba a haife ni ba. Ɗansa abokina ne, tare muka yi elemantare, a garin aka yanke masa cibiya, kuma Hausarsa ta fi tawa ɗanɗano. Baba yana sayar da langa da fanteka da fitila da atamfa da kwaɗon ƙofa. Kowane kwano sai ya ɗiga masa shuɗin fenti a gindi, alamar kuɗinsa, shi kaɗai ya san yadda ake karanta ɗigon.

Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya ya ce: "Madalla, ɗana, ka zo a kan gaɓa. Mutane sun fi da shigowa, amma ciniki ya mutu murus. In rage kuɗin kaya ne, ko in ƙaro sabbi kafin kakar auduga?" A wajenmu in manoma suka kai auduga aka biya su, sai bukukuwa su tashi, ranar nan ko murfin langa ba ya kwantai.

Lokacin marka ce, sama kullum a murtuke. Garin ma a murtuke yake. Tun farkon damina an yi rikici a wasu garuruwa, wasu 'yan kudu sun kwashe iyalansu sun bar ɗakuna a kulle. Mutane na taruwa gindin rediyo, in ka matso sai a sauya hira. Ban sa wannan a takardata ba da farko, don a ganina ba shi aka aike ni ba.

Na sami benci a lungun kantin na zauna, kullum sai an tashi. Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na ce ko don marka ce, aljihun manomi ya bushe? Amma wanda ba shi da ko kwabo ba ya zuwa kanti sam, waɗannan kuwa zuwa suke. Na ce ko tsada ce? Na zaga kasuwa na tambaya, kayan Baba sun fi na kowa sauƙi. Na ce ko kayan sun tsufa? Ina! Wasu ko ƙura ba su yi ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma na rasa abin da ya tsamar da shi.

Ranar kasuwa wani dattijo Bamaguje ya shigo, manomi daga wani ƙauye a hanyar Malumfashi, tsohon abokin cinikin Baba. Fitila yake so. Wayyo, ka ga ciniki! Ya taya, Baba ya ce albarka. Ya rantse ya fita, ya kai bakin titi ya dawo. Ya kushe fitilar, ya kushe ƙasar da aka ƙera ta, Baba na dariya har da hawaye. Da aka sallama masa, ya ɗaura ta a jakinsa yana mita. Yana fita, sai kantin ya yi tsit, alhali cike yake da mutane. A nan na lura cewa tun da na fara zama ban ji hayaniyar ciniki a kantin nan ba sai ranar.

Daga ranar na daina kallon kaya, na koma kallon masu shigowa. Mutum zai ɗaga fanteka, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi kuɗi. A gaya masa, ba zai taya ba, ba zai kushe ba, sai ya mayar da ita a hankali daidai inda ya ɗauko. Idonsa kuma ba a kan Baba yake ba. Yana kan kanta ta sama, yana kan sakatar ƙofa, yana kan ƙofar baya mai shiga cikin gida. Duk da haka na ƙi yarda da abin da zuciyata ke raya mini.

Sai Kawu ya shigo.

Kawuna fa mutum ne da zai iya kai azahar yana tayin allura. Masu goro in sun hango shi ɓoye faifai suke. Bai gan ni a lungu ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko wata langa mai jan fure a murfi, ya buɗe, ya rufe, ya shafa.

Ya ce: "Mai kanti, nawa wannan?"

Baba ya faɗa masa, ya gyara tsayuwa yana jiran a ja dagar ciniki.

Kawu ya ce: "To, sai na dawo." Ya ajiye ya fita.

Wa zai ɓata bakinsa yana tayin abin da yake sa ran ɗauka a bagas? Ashe ba masu saye ba ne suke cika kantin. Kowa zaɓen nasa yake.

Da yamma na sami Kawu a zaure na ce: "Kawu, yau na gan ka a kanti, ba ka taya ba." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce: "Kallo ma haramun ne a bokon naku?" Ya ci gaba da jan carbinsa.

Washegari na zaunar da Baba, na bi masa yadda aka koya mini. Na ce hanya uku ce: ya rage kuɗi, ko ya ƙaro kaya, ko ya rufe ya tafi. Biyun farko ba su da amfani, don matsalar ba ta kaya ba ce. Na ce: "Baba, ka karyar da abin da za ka iya, ka hau jirgi kai da iyalinka tun da sauran hanya."

Ya ce: "Ɗana, in tafi ina? Can ni baƙo ne. Mutanen nan da kake faɗa, wanne ne ban ci sunan ɗansa ba?"

Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. Abokina ya sa baki, mahaifiyarsa na kuka a bayan labule. Da ƙyar Baba ya yarda da rabi: iyali su tafi, shi zai tsaya ya ga kakar auduga, ya sayar da kaya ya biyo su. A tasha abokina ya riƙe hannuna ta tagar jirgi ya ce: "Ka riƙa leƙa shi, don Allah." Na ce in sha Allahu.

Hutu ya ƙare, na koma Zariya na miƙa aikina. Ba a jima ba rikicin ya ɓarke gari-gari, aka far wa 'yan kudu da kayansu, daidai ɗaukewar ruwa. Da ƙura ta lafa aka koma aji, Bature ya mayar mini da takardata. Ni na zo na ɗaya. Ya ce na raba alama da ciwo yadda ya kamata. Ji na yi kamar in yaga ta a gabansa.

Da hanya ta buɗe na hau mota zuwa gida. Daga tasha kantin na nufa. Ba ƙofa, ba kanta, har kwanon rufi an ɗaye. Na ji labarin maƙwabta da suka ɓoye mutane a ɗakunan matansu, Allah ya saka musu, amma ba wanda ya iya gaya mini inda Baba yake. A kasuwar hatsi na ci karo da dattijon Bamagujen nan. Ya ja ni gefe ya ce da ya ji ana yi, ya koro jakinsa don ya ɗauke Baba zuwa ƙauye, amma ya tarar an riga an kashe shi. Ya ɗauko gawarsa duk da haka, ya binne shi a gefen gonarsa. Ya ce: "In ɗansa ya dawo, ka kawo shi in nuna masa wurin."

Na wuce gida. Kawu na zaure, ya yi mini barka da zuwa, ya sa aka kawo mini abinci. Tuwon dawa ne, a cikin sabuwar langa mai jan fure a murfi. Na ɗaga ta, da tuwon da komai, na leƙa gindinta. Ga shuɗin ɗigon nan.

Na ce: "Kawu, nawa aka sallama maka?"

Bai dube ni ba. Ya ce: "Ci abincinka, ɗan nan, kada ya huce."