Farin Karas ɗin Svetozar

Shekara talatin Svetozar ya yi yana buga hatimi a wani ofis a birni, ya kuma ɗauka wannan ilimi ne. Da ya yi ritaya sai ya tattaro ya dawo ƙauye, gidan ubansa. Abu ɗaya yake so a duniya: a daina ce masa ɗan birni, a ce manomi ne kamar marigayi Milutin da ya haife shi.

Saboda haka tun bazara ya bi gari yana shela cewa romon slavar bana, bikin waliyyin gidansu, da farin karas ɗin bayan ɗakinsa za a dafa shi. Mutumin da ko albasa bai taɓa shukawa ba.

Ƙasar wurin laka ce mai taurin tsiya. Maƙwabciyarsa, tsohuwa Leposava, ta leƙo ta kan shinge ta gaya masa yadda ake yi: a huda rami da sandar ƙarfe, a cika da rairayi da ƙasa tankaɗaɗɗiya, sannan a sa iri. Ya yi mata murmushin manyan ofis, ya ce ai ya karanta littafi. Ya zabga ɗanyen kashin shanu, ya watsa iri, ya koma inuwa.

Ana jibi biki, sanyi ya sauka, ya ɗauki cebur. Abin da ya tono ko alade sai ya yi shawara kafin ya ci: guntaye, kowanne ya rarrabu kamar yatsun kaza. Ya daɗe tsaye a kansu, tsoro ya kama shi sosai. Daga baya ya zagaya ta baya ya ƙwanƙwasa wa Leposava. Ta cika masa kwando da nata, dogaye santala-santala.

Ranar biki kawunsa ya kurɓi romo, ya ajiye cokali, ya ce lallai ɗan Milutin ya dawo gida. Svetozar kuwa, marar kunya, ya gyaɗa kai har da cewa aikin ba wuya in mutum ya san kansa.

Leposava ta goge baki daga ƙarshen tebur.

“Maƙwabci,” ta ce, yadda kowa zai ji, “baɗi sai ka zo ka koya mini. A gonarka, mu duka za mu zo kallo.”