Adda Haula, Wadda Ta Riƙe Mini Aiki Na Tafi Karatu

Ranar Talata, 17 ga Yuni, 2025, ina zaune a aji a Yawunde, Ulrich abokin aikinmu na asibiti ya kira ni daga Garwa ya ce Allah Ya karɓi ran Adda Haula da hantsi. Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take. Kafin jirgin ƙasa ya sauke ni a Ngaundere in shiga motar gida, an riga an kai ki makwancinki, Adda. Tabarmin zaman makoki kawai na tarar a gidanku na unguwar Roumdé Adjia.

Adda, ke ce majo ɗinmu, shugabar masu jinya a ɗakin yara, kuma ban taɓa aiki da mai zargi irinki ba. In uwa ta ce yaro ya sha magani, sai kin ɗaga kwalbar kin duba. In ɗayanmu ya ce zazzaɓi ya sauka, sai kin ɗora hannunki a goshin yaron. A bayan idonki 'yar sanda muke kiranki, kin kuma sani. Amma ke ce kika kwance mayafinki kika lulluɓe ɗan Lucie, manomiyar nan da ta sauko daga duwatsun Mayo-Oulo ba ta jin Faransanci, kika zauna a gefenta kina fassara mata maganar likita da Hausa har ta daina kuka.

Da na gaya miki ina son yin digirin digirgir a fannin jinya, ba ki ce mini barka ba. Cewa kika yi, "Zahra, a ina? Kuma wa zai riƙe miki yaran nan?"

Makarantu uku na kawo miki. Ta farko ita ce ta fi kwanta mini a rai, don sun ce komai ta intanet ne, ba sai na taka ƙafa ko'ina ba. Kika taɓe baki kika ce jinyar da ba a taɓa mara lafiya, ba ki san ta ba. Kika sa ƙawarki Yvette ta je adireshin da suka bayar a Duwala. Ɗaki ɗaya ta tarar a saman shagon waya, da kwaɗo a ƙofa.

Ta biyu makaranta ce ta gaskiya, sai dai zuwa ajinsu yakan faɗo a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke cika mana ɗaki har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya. Wannan ko sauraro ba ki yi ba. Ta uku, ta Yawunde, ke kika kira su da kanki, kika tsare matar ofis da tambaya: wane wata ake zuwa, in an zo ana daɗewa, wa zai tsaya a kaina in ina gwajin aiki, me ke faruwa da wanda ya rasa zango ɗaya. Suka ce Janairu da Yuni ake zuwa, wanda ya rasa kuwa sai ya jira shekara. Kika ajiye wayar kika ce, "Waɗannan ba su ɓoye wahalarsu ba. Shiga. In kin tafi, ranakun aikinki nawa ne."

Haka aka yi a Janairu. Haka aka yi a Yuni.

Yanzu kuma ni ce na koma mai zargi, ke kuwa nake zargi. Tun azumi kika daina hawa babur ɗinki, kika ce ya lalace; na gan shi jiya a zaure, Hanzala ɗanki ya tayar da shi bugu ɗaya. Kika fara zagayen safe kina jan kujera daga gado zuwa gado, kika ce gwiwa ce. Ke da kike auna jinin kowa, har mai shara, ban tuna ranar da kika miƙa wa wani hannunki ba. Da na kira ki daga Yawunde na ji numfashinki sama-sama, kika ce zafin Garwa ne, in koma aji. Ni kuma na koma. Raina na ƙuna da wannan, kuma ina fushi da ke, ba zan ɓoye ba.

Bayan addu'ar uku na tare Ulrich da Jacqueline, wadda ke riƙe da ɗakin yanzu, na ce musu na bar karatun. Ba mai riƙe mini aiki, ba ni kuma da zuciyar sake barin garin nan. Jacqueline ta sunkuyar da kai.

"Ba sai kin bari ba," in ji ta. "Ranakunki na Janairu mai zuwa nawa ne, na Yuni na Ulrich, har ki gama. Majo ce ta raba mana."

Na ce, "Yaushe?"

"Tun kafin ki hau mota."

Ashe kin sani. Kin san in kika faɗa mini ba zan tafi ba, shi ya sa kika raka ni tasha kina yi mini faɗan kada in makara. Zan koma a Janairu, Adda, ba don raina na so ba, sai don ba ki bar mini hanyar ƙi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa hannun da kika ɗora a goshin 'ya'yan mutane ya zame miki shaida ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Mahmudu, da 'ya'yanki Hanzala da Hawa'u, da dukan ma'aikatan ɗakin yara. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, ni kuma Ya ba ni ikon yafe miki wannan ɓoyon.